Yadda gida ke talaucewa a Arewa

A shekarar 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya ne ke cikin talauci, wato kusan mutum miliyan 83, ban da jihar Borno. A watan Oktoban 2025 Bankin Duniya ya ce adadin ya kai miliyan 139. Ko an cire ƙaruwar jama'a, ko an ce ma'aunan biyu ba iri ɗaya ba ne sak, abin da ya rage a tsakani yana da yawa. Akwai miliyoyin mutanen da suke da rufin asiri a 2019, yau babu. Ba a cikin fatara aka haife su ba, gangarowa suka yi sannu a hankali a gaban idon maƙwabtansu.

Muhawararmu ta fi karkata ga ƙirga talakawa: su nawa ne, wace jiha ce a gaba. Binciken hukumar na 2022 ya ce kashi 65 cikin ɗari na matalautan ƙasar a Arewa suke, Sakkwato ce kan gaba. An yi ta cacar baki a kan wannan, aka bar tambayar da ta fi amfani, wato ta wace hanya aka bi aka zo nan. Ita ce kuwa ke warware abin da ke ɗaure wa masu mulki kai a yanzu. Hauhawar farashi ta lafa, hatsi ya sauko a kasuwar Dawanau ta Kano, amma in ka tambayi mutane sai su ce ba su ga sauƙi ba. Su ba ƙarya suke yi ba, alƙaluman ma gaskiya ne. Tsada takan zo ta wuce, amma abin da gida ya sayar don ya tsallake ta ba ya dawowa da saukar farashi.

Dukan da aka sha a 2023 kowa ya san shi, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. Shekarar ta buɗe da canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, mutumin ƙauye da ba shi da asusun banki ya riƙa sayar da akuya da buhun gero a kan duk abin da mai tsabar kuɗi ya taya, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga maganar a watan Maris. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. A ƙarshen Yuli sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar, aka rufe iyaka, kasuwannin Illela da Jibiya da Maigatari suka yi sanyi har zuwa Maris na 2024. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, ta abinci kuwa tana wajen 40.

Ba na cikin masu cewa tallafin mai abin alheri ne da aka ƙwace. An tafka sata a cikinsa, kuma mai motoci uku ya fi mai keke cin moriyarsa. Inda aka yi ganganci shi ne jera waɗannan abubuwa cikin wata bakwai a kan mutanen da ba a tanadar musu komai ba.

Albashi ya nuna girman abin. A 1981, zamanin Shagari, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wajen dala 200 a canjin lokacin. A 2019 aka mai da shi 30,000, dala tamanin da ɗoriya. A Yulin 2024 aka ɗaga shi zuwa 70,000, wanda bai kai dala hamsin ba, kuma a watannin nan bai isa sayen buhun shinkafa ɗaya ba. Wannan ma ga wanda ke da albashin ke nan. Mafi yawan mutanen Arewa babu wanda ke biyansu a ƙarshen wata, kullum sai sun fita sun nemo.

A birni abin daga tukunya yake farawa. Nama ne ke fara fita daga miya, awara ta maye gurbinsa. Girkin rana ya koma sau ɗaya, a ce da yara su sha koko su haƙura zuwa dare. A farkon 2024 har afafata, tsakin shinkafar da injin casa ke fitarwa wanda a da masu kiwon kifi ne ke saye, ta zama abincin gidaje a Kano. Sai motar maigida ta koma ado a ƙofar gida, taya ta sace. Sai a cire yara daga makarantar kuɗi a kai su ta gwamnati. A wannan matakin babu wanda zai kira gidan nan matalauci, maigida yana fita da shadda a goge. Amma kowane abu da ya daina saye cinikin wani ne: mahauci, makanike, malamar da ke koyarwa a ƙaramar makarantar unguwa, tela. Tsimin da ma'aikaci ya yi shi ne karayar da mai sana'a ya samu.

Ƙaramin ɗan kasuwa ya fi kowa shan wuya ba tare da ya gane da wuri ba, domin tsada takan zo masa da kamannin riba. A ce mai shagon unguwa ya sari katan ɗin taliya a kan naira 10,000, ya sayar ɗaya-ɗaya ya haɗa 11,000. A lissafinsa ya ci dubu ɗaya, ya kai ta cefane. Ya koma kasuwar Singa ya tarar katan ya zama 12,500. Kuɗin da ke hannunsa ba za su sayi abin da ya sayar ba. Da can yakan ɗauko katan goma, yanzu takwas, wata mai zuwa shida. Ciniki bai tsaya ba, aljihu ma ya fi da nauyi, amma kanta na ramewa. Shi ya sa za ka ga shago an baje kwalayen da babu komai a ciki a saman kanta don kada ido ya ga giɓi.

Ga kuma littafin bashi, wanda bangonsa ya sha maiƙo, kowane gida da shafinsa: sukari ƙulli biyu, omo, magi na hamsin, man gyaɗa rabin kwalba. Mutanen da ke cikin littafin nan da su yake sahu ɗaya a masallaci, wasu surukai ne. Ba zai iya hana su ba, ba zai iya matsa musu ba. Wanda ya biya bayan wata uku ma, kuɗin da ya kawo ba su kai darajar kayan da ya karɓa ba. Mai shago ya zama bankin unguwa da ke ba da rance yana asara. Bankin gaske kuwa ba hanyarsa ba ce: a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, na bankunan kasuwanci ya fi haka, ga jingina da ake nema, ga ƙyamar riba da addini ya dasa a zukata. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ranar da uwar kuɗi ta ƙare, sana'ar ta ƙare ko da kasuwa ta gyaru gobe.

Akwai kuma harajin da talauci ke ɗora wa mai shi. Wanda ke sayen buhu ya fi mai sayen tiya samun rahusa, mai tiya ya fi mai gwangwani. Mai famfo a gida bai san abin da mai sayen jarka wajen ɗan garuwa ke kashewa a wata ba. Duk taku ɗaya da mutum ya gangara, farashin rayuwarsa ƙaruwa yake yi.

Dukiyar da ake fara taɓawa in abin ya yi tsanani yawanci ta mata ce, kuma ba ta shiga kowane lissafi. Dillaliya ta san wannan fiye da duk wani mai bincike. Ita ake kira bayan magariba, a shige ɗaki a rufo ƙofa, a ciro turmin atamfa daga ƙasan akwati, wanda tun na lefe ne ba a ɗinka ba, a ce ta kai can wata unguwa inda ba a san mai shi ba. Bayan atamfa sai 'yan kunnen gwal, sai keken ɗinki, sai firjin da ake yin ƙanƙara da zoɓo da shi. Tsarin jerin nan abin lura ne: ana farawa da abin ado, a ƙare da abin da ke kawo kuɗi. Matar da ke soya awara ko yin ƙuli-ƙuli a cikin gida jarinta bai taka kara ya karya ba, kuma kusa yake da hannu. Ranar da maigida ya fita bai bar komai ba, daga cikinsa za a ɗebi na garin tuwo, da niyyar za a mayar. Ba a mayarwa. Tunkiyar da take kiwo don Babbar Sallah a sayar da ita tun watan Rajab a rabin kuɗi. In sana'ar ta tsira, to da tallan 'yarta ta tsira, yarinyar da ya kamata a ce tana aji.

A ƙauye tsarin ya girmi wannan gwamnati da wadda ta gabace ta. Da kaka kowa ke kai hatsi kasuwa a lokaci guda, saboda a lokacin ne mai taki ke jiran kuɗinsa, a lokacin ake aurar da 'ya'ya, a lokacin ake gyaran ɗakin da damina ta rusa. Farashi ya faɗi warwas, mai kuɗi ya saya ya tara. Zuwa Yuli da Agusta rumbun ƙaramin manomi ya ƙare, ya dawo kasuwa yana sayen irin hatsin da ya sayar, da tsada. Kuɗin saye kuwa ba shi da su sai ya tafi ƙwadago gonar wani, a daidai makonnin da tasa gonar ke neman noma da maimai. Ya yi wa mai hali aiki da safe da ƙarfinsa, ya zo tasa da yamma a gajiye, ciyawa ta riga ta ci ƙarfin shuka. Amfanin da zai samu bana bai kai na bara ba, don haka baɗi rumbunsa zai riga na bana ƙarewa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta cewa akwai magidantan da talauci ya hana su noma alhali suna da gona. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma bayanin nata bai tsufa ba.

Abin da ya canza shi ne wurin numfashi ya ragu. A da akwai gandu, uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma tare, rumbu ɗaya, wanda ya gaza sauran su ɗauke shi. Gandu ya watse a yawancin wurare, gado ya yi ta yanka gonaki har ta kai wani abin da ya samu bai fi a shuka kwano biyu ba. Ƙasa ta gaji saboda babu sauran barin gona ta huta, ba ta bayarwa sai da takin zamani, shi kuma farashinsa dala yake bi. Daga nan sai jingina. Manomi ya karɓi kuɗi ya miƙa gona, mai kuɗi ya ci gaba da nomanta har ranar da aka biya shi. Wanda ya kasa riƙe kansa da gonarsa a hannu, da me zai tara kuɗin fansarta bayan ta fita? Sau da yawa ƙarshen maganar shi ne a kira shaidu, a ba shi ciko, a rubuta takarda. Ya zama ɗan ƙwadago a gonar da ya gada.

Saukar farashin 2025 ma a nan ta nuna fuska biyu. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mutumin birni ya ɗan sarara, kuma yana da haƙƙin ya sarara. Amma manomin da ya sayi taki da maganin feshi da man injin ban-ruwa a farashin tsada, ya zo ya tarar buhun masararsa ya faɗi. Da yawa ba su mayar da abin da suka zuba ba. Wanda tsadar 2024 ta amfana shi ne mai ajiya, ba ƙaramin manomin da ya sayar tun kaka ba, amma faɗuwar 2025 ta same su duka biyun.

Duk wannan gangarowar sannu ce. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da Birnin Gwari da wasu sassan Neja akwai ta dare ɗaya. 'Yan bindiga su kore shanun huɗa, abin da manomi ya shekara goma yana tarawa. Su ɗauki mutum ɗaya, dangi duka su talauce: a sayar da hatsi, a sayar da babur, a sayar da gona ga duk wanda ke da kuɗi a hannu, domin wa'adi aka bayar kuma mai saye ya san da haka. Kuɗin fansa ya fi kowace hanya saurin raba mutane da kadararsu, saboda babu ciniki a cikinsa. Wasu garuruwan suna biyan haraji kafin shuka, su sake biya kafin girbi. Bafulatanin da aka kwashe wa garke shi ma ya tashi ba shi da komai, ga zargi a kansa duk inda ya nufa. Matakan da aka ɗauka don maganin abin su ma sun ci nasu rabon: a Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe bindiga ba ya zauna a gida yana cin jarinsa. Wanda ya gudu zuwa Gusau ko Katsina ko ya tsallaka Maraɗi ya tsira da rai, amma manomin da ya bar ƙasarsa ya bar sana'arsa da mutanen da za su ba shi bashi da sunan da aka san shi da shi.

A inda babu bindiga, ciwo ne ke yin wannan aikin. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa suke fita. Tiyatar haihuwa ɗaya, ko wankin ƙoda na 'yan watanni, ya isa ya ci filin da aka saya don gini. Magani kuwa yawancinsa ko sinadarinsa daga waje yake zuwa, ya bi dala ya hau. Mai hawan jini ya koma shan ƙwaya yau, gobe ya tsallake, har ranar da ya faɗi, gida ya rasa mai nema ya kuma sami majinyaci.

Wanda ke son ya ga inda irin wannan ke kaiwa bayan shekara ashirin, ya je Kakuri a Kaduna. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wasu suka biyo baya, unguwa ta cika da ma'aikata masu albashi da masu sayar musu da abinci da masu ba su hayar ɗaki, manoman auduga a Funtuwa da Gusau suna da mai saye. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya naira, wuta ta lalace, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi a 2007. Ma'aikata da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Bompai da Sharaɗa a Kano labarin bai bambanta sosai ba. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne manyan yau, kuma da yawansu sun fara rayuwa a ƙasa da inda iyayensu suka fara, a kan babur ɗin haya ko a bakin titi da teburin caji.

Abin da ya daɗe yana riƙe da mu shi ne juna. Zumunci, adashi, biki, zakka, ɗan'uwan da ke aiki a Abuja, attajirin unguwa da ke raba hatsi da azumi. Waɗannan duka an gina su ne a kan zaton cewa masifa ɗaya-ɗaya take zuwa: yau gobara a gidanka mu taru mu taimaka, gobe rasuwa a gidana ku zo. Ba a shirya su don ranar da kowa zai faɗi tare ba. Adashin mutum goma yana tafiya in mutum ɗaya ya makara, in huɗu suka kasa zubi ya mutu, uwar adashi ta shiga uku, waɗanda ba su kwasa ba su yi asara, zumunci ya ɓaci a kan kuɗin da ba su kai na buhun masara ba. Ma'aikacin da a da yake ɗauke da gida uku a ƙauye yanzu nasa ma ya gagare shi. Ya ga kiran ƙaninsa ya kife wayar, ba don rowa ba, don ba shi da amsar da zai bayar. Can kuma a ce ya samu duniya ya manta da mutane.

Biki ya fi nuna yadda ake fita daga cikin jama'a. Gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ajiya ce, ranar nata za a ninka mata. Wadda ta kasa kaiwa sau biyu sai ta fara ƙirƙiro uzuri, ta daina zuwa. Namiji ya janye daga majalisar da ake karo-karon shayi, ya canza hanya don kada ya bi ta gaban mai shago. Kunya ce ke sa haka, amma sakamakonsa na tattalin arziki ne tsantsa, domin a irin waɗannan wurare ake jin inda ake neman direba, wa ke buƙatar yaron shago, wa zai tsaya wa wani ya karɓi kaya bashi a kasuwar Kwari. Lokacin da mutum ya fi buƙatar mutane, a lokacin yake ɓuya daga gare su.

Cikin gida kuma girman maigida a wurinmu a ɗaure yake da ciyarwa. In ya kasa, wani ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani ya riƙa fita tun asuba ya dawo bayan an yi barci, wani ya ce ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, aike ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Saki ya biyo baya, mace ta koma gidan uban da shi ma ɗauke masa nauyi ya sa ya aurar da ita da wuri. Auren zawarawa da 'yan mata 1,800 da gwamnatin Kano ta yi a Oktoban 2023 ya sauƙaƙa kayan ɗaki da sadaki, amma abin da ke kashe aure yana zuwa ne wata shida bayan an watse daga walima.

Akwai bayani biyu da ake yawan kawowa waɗanda nake ganin suna rufe ido. Na farko lalaci. Wanda ya ga mai tura baro a Sabon Gari da azumi a bakinsa, ko matan da ke tsintar shinkafa a bayan masu girbi, ba zai faɗi haka ba. Na biyu yawan haihuwa. Wannan yana da ƙamshin gaskiya, binciken lafiya na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar fiye da shida a matsakaici, kuma gidan da bakuna suka yi yawa ya fi saurin kifewa. Ya kamata mu iya faɗa wa kanmu wannan ba tare da an ce an zagi addini ba. Sai dai bai bayyana dalilin da ya sa gidan da ke ci sau uku da 'ya'ya bakwai a 2022 ya koma ci sau ɗaya da 'ya'yan nan bakwai a 2024 ba.

Yaran ne ke biyan kaso mafi tsawo. Binciken na 2018 ya ce fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, tun kafin wannan tsadar ke nan. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa. Wanda ya rayu, abin da ya rasa a shekara biyun farko na girman jiki da ƙwaƙwalwa ba a cika rama shi ba. Yaron da aka cire daga aji huɗu aka tura gareji ko jari-bola ba ya komawa don an ce masara ta sauko. Waɗanda suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 a Kano da Kaduna da yawansu irin waɗannan ne, kuma ƙasa ta ga wasunsu a Nuwamba suna zubewa a gaban alƙali a Abuja, ƙashin haƙarƙarinsu a waje, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa.

Martanin gwamnatoci ya tsaya ne a kan ciki: tirelolin shinkafa, naira biliyan biyar-biyar da aka ce an ware wa jihohi a Agustan 2023, alkawarin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, wanda ya yi ta tuntuɓe har aka dakatar da ministar da ke kula da shi a Janairun 2024. Mai jin yunwa ba zai raina kwanon shinkafa ba. Amma in talaucewa ta hanyar sayar da kadara take faruwa, to inda ya kamata a tare ta shi ne ranar da mutum zai sayar. Inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta, da ta isa ƙauye da gaske, da ta hana sayar da gonaki fiye da duk wani rabon kayan abinci.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da dabarar da suka fara tun ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma ta zuba hatsinta a sito da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun manoma ɗaya a hannun asusun da zai ba da rance. Manomi ya karɓi kuɗi ya biya buƙatarsa ko ya yi sana'ar rani, in farashi ya tashi a buɗe sito ya biya bashi, ribar ajiya ta zama tasa maimakon ta ɗan kasuwa. Fulani kuma suna da habbanaye, a ba wanda ya rasa dabba aron saniya ko akuya, ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar, kuma ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ari tsarin suna mayar wa mata awaki bayan fari. Ba maganin komai ba ne. Ajiyar sito tana iya zama asara a shekara irin 2025 da farashi ya faɗi maimakon ya tashi, kuma babu amfanin sito ko akuya a garin da 'yan bindiga ke shiga da rana tsaka. Amma dukansu biyun suna kallon abin da mutum zai nema da shi gobe.

Kuɗin yin irin wannan ba a rasa su ba. Tun da aka cire tallafin mai, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, gwamnonin da kansu suna faɗa. Abin da aka fi gani da su a manyan biranen Arewa shi ne gadar sama da sabon gidan gwamnati da rabon kayan azumi, abubuwan da ake iya ɗaukar hotonsu a ranar buɗewa. Fanso gonar da ke hannun mai jingina a wani ƙauyen Ɗanmusa ba ta da ranar buɗewa, kuma a ofis ba kasafai ake samun wanda ya san yawan irin waɗannan gonaki a ƙaramar hukumarsa ba.